Shafi na Uku da Shafi na Goma Sha Huɗu

Na karanta tarihin sulhu iri-iri, na kuma koyar da shi a aji shekara da shekaru: sarakunan da suka mayar da takobi kube, da ƙasashen da suka zauna teburi guda bayan sun gama ƙona garuruwan juna. Duk da haka, in aka tambaye ni wace dabara ce ɗan Adam ya ƙago da ta fi kowace iya haɗa waɗanda ba su son haɗuwa, ba zan ambaci majalisa ba, ba zan ambaci alƙali ba. Cewa zan yi: naɗe takarda gida biyu. Na san za a yi dariya. To, ni dai na gani da idona a wani tsakar gida a nan Yamai, kuma ko da zan manta sunayen ɗalibaina kaf, abin da na riga na fara, wannan yammacin ba zai fita daga kaina ba.

Wanda ya jefa ni cikin lamarin tsohon malamina ne na firamare, mutumin Dogon Dutsi, Kirista, maƙwabcin gidanmu tun ina yawo ba takalmi. Har yau ban iya kiransa da komai sai Mushe, yadda muke kiran malamin boko a nan, ko da yake ni ma yanzu haka yara ke kirana, kuma furfurata ta kusa kamo tasa. Shi ya koya mini riƙe bik, wato biro. Shi ne kuma ya fi duk malaman da na sani tsanar a yage takarda daga kaye, littafin rubutunmu na lakwal, wato makarantar boko. In ya zargi yaro, ba ya tsayawa ƙirga shafi. Sai ya kama kayen ta bango, ya ɗaga shi sama, ya girgiza a hankali yana kallon rufin aji. Can sai ka ga wata takarda ta sulalo daga ɗaya ɓangaren ta faɗi ƙasa, ta tona maka asiri. A lokacin mun ɗauka aljanu yake da su.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta rasu bayan doguwar jinya. Ta bar ƴaƴa biyu. Babban namiji ne, sa'ana, abokin ƙwallona tun muna yara, ma'aikacin gona na gwamnati. Ƙaramar mace ce, malamar asibiti. Ranar da Inna ta cika, shi yana can gabas mai nisa wajen aiki. Ya bugo waya ya ce a jira shi, a kai ta Dogon Dutsi a kwantar da ita kusa da iyayenta, kamar yadda kawunnansu ke so. Ita kuwa ƙanwar, wadda ta yi watanni tana kwana a ƙasa gefen gadon uwar, ta dubi ubansu da ƙafar da ba ta kai shi ko bakin titi sai da sanda, ta ce a Yamai za a binne ta, inda tsoho zai iya zuwa ya zauna kusa da ita. Haka aka yi. Yayan ya iso ya tarar an gama. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce wa ɗan'uwansa ko sannu. In shi ya zo gaida tsoho da safe, ita sai da yamma. Saƙo kuwa ta bakin Mushe yake bi, har bawan Allah ya zama kamar ofishin jakadanci tsakanin ƙasashe biyu da suka yanke hulɗa. Na ji bayanin kowannensu, ban iya cewa ga mai laifi ba, kuma har yau ban iya ba.

Da shekara ta kusa zagayowa, Mushe ya aika a kira ni. Na same shi a kujerarsa ƙarƙashin dogon yaro, hannu biyu bisa kan sanda.

"An ce kana da ordinata," in ji shi, yana nufin kwamfuta.

"Ina da ita, Mushe."

"Ka kuwa iya ta? Ko ado ce, kamar ƙamus ɗin da ka riƙa yawo da shi a hammata ba ka buɗewa?"

Na ce na iya gwargwado. Ya ce za a yi sujadar tunawa da Inna a majami'arsu, yana son ɗan littafi da za a raba wa jama'a: tarihinta, waƙoƙin da take so, da kalmar kowane ɗa a kan uwarsa.

"Littafi nike so, mai naɗi a tsaka, wanda za a buɗe kamar littafin kirki. Ba tarin takardu da ƙusa a kusurwa ba kamar sammaci." Ya murza kan sandar. "Ɗana, gaskiya ba littafin ne damuwata ba. So nike in ga yaran ga biyu bisa banci guda, ko sau ɗaya, kafin in bi uwarsu. In sun yarda sun shiga littafi guda, wataƙila su shiga ɗaki guda."

Na ce, "An gama, Mushe," da irin ƙarfin halin da ba ya samuwa sai wurin mutumin da bai taɓa yin abu ba.

Kowannensu ya yarda ya rubuta, amma da sharaɗi. Yayan ya miƙo mini takardarsa a bakin ofishinsu ya ce, "Ni ne babba. Da an wuce bango da tsarin sujada, ni ne a shafi na uku. Ita kuma ka sa ta inda ka ga dama, muddin ba kusa da ni ba." Ƙanwar na same ta a wurin aiki lokacin hutun rana, ta ba ni nata rubutun da wani ɗan hoto a cikin ambulan, ta ce, "Malam, ka kai ni can ƙarshe, iyakar nisan da littafin zai iya. In na buɗe na ga shafina yana kallon nasa, ba ni zuwa, ka gaya wa Baba." Duk su biyun, ba tare da sun haɗa baki ba, suka ɗaure ni da alkawarin kada in nuna wa ɗayan abin da suka rubuta. Da na zauna ina buga rubuce-rubucen na ga wani abu da ya sa na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Amma alkawari ne, na kama bakina.

Buga rubutun bai ba ni wahala ba. Tashin hankali ya fara ne da na zo mayar da shi littafi. A tunanina na mai ilimin tarihi, abu ne mai sauƙi: a sa shafi biyu a kowace fuskar takarda, ɗaya da biyu, uku da huɗu, a bi da bi, a tara, a naɗe. Na yi hakan, na buga gwaji, na naɗe, na buɗe da alfahari. Bango ya koma baya. Godiya ta faɗo tsakiya. Inna ta yi aure ta haifi ƴaƴa, aka rera waƙoƙi, sai can kusa da ƙarshe aka haife ta. Na koyar da juyin mulki da dama, amma ban taɓa ganin wanda ya hargitsa ƙasa kamar yadda na hargitsa rayuwar baiwar Allah nan a falle huɗu ba.

Sai na koma aji ɗaya. Na ɗauki farar takarda falle huɗu, na tara, na naɗe su tare, na bi da bik ina rubuta lamba a kowane shafi, sannan na warware su. Nan na ga abin da duk mai ɗinkin littafi ya sani, masu karatu kuwa ba ruwansu. Shafin farko da na ƙarshe a falle guda suke, kafaɗa da kafaɗa. Na biyu yana tare da na kusa da ƙarshe. Haka suke tafiya, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, har su haɗu a tsakiya, inda kaɗai maƙwabta a karatu suke maƙwabta a takarda. Na ga lambobin duka a gabana, amma lambobi ne kawai, ba su da fuska, ban kawo komai a raina ba.

Na shiga kwashe shafuka da hannu a cikin ordinata, ina yanke wannan ina liƙa shi gefen wancan. Da na gama, sai Mushe ya tuna bai faɗi komai a kan lambun zogalen Inna ba, ya ƙara sakin layi guda. Sakin layin nan ya ture na ƙasansa, na ƙasan ya tsallaka shafi, ginin da na yi ya rushe tun daga tushe. Na sake. Sai ya tuna sunan ƙauyen kakarta. A karo na gaba, ina laluben inda ake gyara faɗin gefen takarda, na ci karo da wani ɗan zaɓi da yake zaune shiru tun ranar da na sayi na'urar, an rubuta masa kalmar littafi da Faransanci. Na taɓa shi. Takardar ta kwanta a kaikaice, shafuka suka rage girma, kuma ashe aikinka kawai ka rubuta abinka a jere, daga farko zuwa ƙarshe kamar mutum mai hankali, ita na'urar ta haɗa kowane shafi da abokin zamansa lokacin bugawa. Na ji daɗi da haushi lokaci guda, kamar wanda ya kai kasuwar Katako a ƙafa cikin rana sannan ya tuna makullin babur yana aljihunsa.

Sauran doka guda: littafi mai naɗi ba ya karɓar shafuka sai huɗu-huɗu, tunda kowane falle huɗu yake ɗauka. Namu ya tsaya goma sha biyar, wato za a bar guda fari fat. Mushe ya ce allambaran. "Matar da ba ta taɓa barin taƙin ƙasa ba shuka, ita za a bar ma fili a littafinta?" Aka ƙara baitocin waƙar da ta fi so, ta cika har shafi na goma sha uku. Littafi ya zama goma sha shida cif. Yayan yana na uku kamar yadda ya nema. Ƙanwar na kai ta na goma sha huɗu, don bayanta sai godiya da bangon baya. Tsakaninsu tarihi ne da waƙoƙi, faɗin da ya fi na kogi a Tondibiya lokacin cikowa. Na yaba wa kaina. Na ce ko manyan masu shata kan iyaka ba su fi haka ba.

Na kai aikin wani shagon buga takardu a unguwar Zongo, wurin wata Bazabarma mai fara'a da ke Hausa irin ta kasuwa. Gwajin farko ya fito da bayansa a kife, sama a ƙasa, sai da muka gane cewa ta gajeren gefe ake juya takardar, ba ta dogon ba. Muna gyarawa kuran ya tafi, wato aka ɗauke wuta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kala suru, Mushe, sai haƙuri," ta ba ni kujera. Da wuta ta dawo inji ya fara aman takardu, na ɗauki falle na biyu da ɗuminsa don in duba. A hagu ga ƙanwa. A dama ga yaya. Kan maganarsu a layi ɗaya, kamar mutum biyu masu gaba da cunkoso ya matse a kujera guda cikin motar haya ta faba-faba. Na goma sha huɗu da na uku. Iyakar nisan da suka nema, shi ya kawo su jikin juna.

Na fara lissafin inda zan matsar da ita. Na goma sha uku bayan wannan fallen ne dai. Na goma sha biyu ya matso kusa da shi, na karya mata sharaɗi. Na goma sha biyar gidan godiya ne. Mai shagon ta leƙo ta ga ina zare ido, na yi mata bayani a taƙaice. Ta yi dariya ta ce, "To in an naɗe, wa zai gani?" Gaskiyarta. In an naɗe an ɗinke, babu mai sanin wa ke riƙe da wa. Na ce inji ya ci gaba.

Naɗi da ɗinki kuwa ba a shago za a yi ba. Al'adarsu ce matan zumuntar majami'a su taru a gidan mamaci su yi da hannu, ana hira ana waƙa. Na ari doguwar na'urar ɗinke takarda ta mai shagon, wadda bakinta ke kaiwa tsakiyar falle, na ɗaure kaya a bayan babur. Ana gobe sujada, bayan la'asar, na jera tari huɗu bisa tabarma a tsakar gidan Mushe, kowanne da dutse a kai saboda iska. Kafin matan su iso na naɗe ƴan kaɗan na ɗinke, don a ga samfur.

Sai ga yayan ya shigo, abin da ba ya yi da yamma. Kawunnansu za su iso daga Dutsi su sauka gidansa, ya zo ɗaukar nasu littattafan. Ya gaida tsoho, ya ɗauki samfur guda, ya buɗe shafi na uku, ya tabbatar ba a ci masa harafi ba. Sannan ya bi sauran da babban yatsa, fir-fir-fir, har ya tsaya a na goma sha huɗu. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Idonsa a kan ɗan hoton da ke ƙasan shafin ya sauka, hoton kabarin Inna a Yamai.

"Wannan fa?"

"Hoto ne," na ce.

"Na san hoto ne, ban makance ba. Mutane za su taso tun daga Dutsi, a miƙa musu wannan? A ce ga inda muka ajiye ƴar'uwarku ba da shawararku ba, ku duba da kyau?"

"Ita ta kawo. Shafinta ne."

"To a cire shafin. Na mutanen Dutsi dai a cire."

"Aboki, in ta ji ba za ta zo ba."

"Ruwanta."

Na dubi Mushe. Na ga fuskar mutumin da ya ɗora duk abin da ya rage masa a kan abu guda yana kallo ana shirin karya shi. Ban taɓa ganin Mushe ya tsufa ba sai a wannan lokacin.

Yayan ya kama shafin daga sama ya ja. Ƙyaaat. Ya fito tas, daidai kan naɗin. Ya ɗaga littafin ta bango ya girgiza mini a fuska. "Ka gani? Mene ne abin wahala a nan?"

Wata takarda ta sulalo daga gaban littafin. Ta yi lilo a iska, ba gaggawa, ta sauka a gaban takalmin Mushe. Shafi na uku ne, da sunan mai shi a sama da manyan baƙaƙe.

Tsoho ya sa bakin sanda ya danne ta. Ya ɗago a hankali.

"Tun kana aji ɗaya nike gaya maka. In ka yage takarda, ƴar'uwarta na biyo ta. Ba ka saurare, kana can bayan aji kai da wanga," ya nuna ni da haɓa, "kuna zanen ƴan ƙwallo."

Yayan ya juyo kaina. "Kai ka ƙulla wannan."

"Ni? Kai ka ce na uku. Ita ta ce ƙarshe. Ni da ordinata umarni muka bi."

"To a kawo reza. A yanke a bar ɗan gefe, nawa ya zauna."

"Ana iya," na ce, don gaskiya ana iya. "Sai dai bayan shafinta ƙarshen waƙar Inna ne. Kawunnanka za su ɗauki waƙa da ƙarfi, su kai tsakiya su tsaya suna kallon juna." Na ɗage dutse daga tari na biyu, na zaro falle guda wanda ba a naɗe ba, na miƙa masa. "Duba da kanka yadda abin yake."

Yana riƙe da shi ƙanwar ta yi sallama, da kayan aikinta a jiki, ta zo taya naɗi. Ta gan shi ta tsaya. Ta ga yagaggen shafi a ɗaya hannunsa, da hotonta a jiki.

"Baba," ta ce, "ka gaya masa na gode. Ka gaya masa gobe ya zauna shi da kawunnansa, ni na..."

"Ofis ya rufe," in ji Mushe. "Ga shi nan tsaye. Gaya mishi da bakinki."

Ba ta gaya masa ba. Ta gyara jakarta ta juya za ta fita. Shi kuwa, don kada ya dube ta, ya kafa ido a kan fallen da ke hannunsa. Ido kuma ba ya sanin kan iyaka. Daga shafinsa ya tsallaka tsakiyar takardar ya faɗa nata, daidai wurin da ya sa ni goge tabarau kwanakin baya.

"Ke, tsaya," ya ce. "Wane ƙanzo?"

Kalma ta farko ke nan a shekara guda. Na karanta jawaban buɗe taron sulhu masu yawa, ban taɓa cin karo da wanda ya fara haka ba.

Ga abin da ke kan fallen. A dama, yayan ya rubuta cewa abin da ba zai manta ba shi ne, in an kwashe tuwo, Inna takan yafuto shi bayan madafa a ɓoye, ta miƙa masa tukunya da ƙanzo, ta barbaɗa ƙuli ta ɗiga mai, ta ce masa, ci maza, ka wanke tukunyar tas kada ƙanwarka ta ga alama, kai ne nawa. Ya ce ya riƙe wannan sirri har yau, sai yanzu da ba ta nan ya faɗa. A hagu, ƙanwar ta rubuta cewa in an kwashe tuwo, Inna takan yafuto ta bayan madafa a ɓoye. Ƙuli, mai, tukunya tas, kada yayanki ya ga alama, ke ce tawa. Ita ma ta riƙe sirrin har yau.

Ta dawo ta fizge fallen daga hannunsa ta karanta ɓangarensa, leɓenta na motsi.

"Ƙarya kake yi, Yaya. Ni take ba."

"Ke? Ina cin ƙanzon nan tun ba ki da haƙori."

"To ranakun da kake tafiya ƙwallo fa, wa kake tsammani ke ci?"

Ya yi ɗan lissafi. "Ashe shi ya sa wasu ranaku in na leƙa take ce mini yau tuwon bai kama ba."

"Ni ma haka take ce mini!"

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai san dariyar ba ta daɗe ba. Ƙanwar ta zube bisa tabarma tsakanin tarin takardu ta rufe fuska da gyale, shi kuma ya tsuguna a gefe yana kallon ƙasa, yagaggen shafin har yanzu a hannunsa.

"Da kin jira ni," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka san zafin watan nan. Na yi ta kiranka daga baya, waya ba ta shiga. Kuma in na ɗauke ta zuwa Dutsi, Baba fa? Wa zai kai shi wurinta?"

"Na sani."

"Ni kaɗai ce a wurin."

"Na ce na sani." Ya murza ido da bayan hannu. "Ba wurin da aka sa ta ne ke cina ba. Ban gan ta ba ne. Ke kin gan ta, ni ban gan ta ba."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe. Ni kuma na ga ya dace in binciki na'urar ɗinki da kyau, ko da wani abu ya same ta a hanya.

Kada in yi muku ƙarya in ce komai ya ƙare a nan. Sun sake ɗaga murya a kan hoton. A ƙarshe aka bar shi, bisa sharaɗin shi zai yi wa kawunnai bayani da bakinsa, ita kuma za ta bi shi Dutsi bayan sujada ta gaishe su a gidajensu. Amma da matan zumunta suka iso da waƙarsu, sun tarar an fara aiki: yaya na tara falle huɗu, ƙanwa na naɗewa, ni ina ɗinkewa. Tana ce masa ya karkata, yana ce mata allura kaɗai ta iya riƙewa. Mushe kuwa duk wanda muka gama sai ya karɓa, ya kama shi ta bango, ya girgiza yana kallon sama. Ba abin da ya faɗo.

Washegari na je na zauna can baya wurin baƙi, da hulata a kai. Daga nan na hango su a bancin gaba, shi a dama, ita a hagu, tsoho a tsakiya kamar ƙusar da ta riƙe littafi. Kawunnai suka buɗe na goma sha huɗu suka ɗaure fuska, sannan suka koma baya suka rera waƙar har ƙarshenta. Da rana ta yi tsaka, rabin jama'a suka mayar da aikina na makonni maficin hannu, kuma na shaida yana ba da iska.

Mushe ya ƙara wasu shekaru kafin ya bi matarsa, kuma su biyun ne suka ɗauke shi tare. Abin da na koya, ina faɗa wa ɗalibaina duk shekara ko sun tambaya ko ba su tambaya ba: kafin ka yage wani daga rayuwarka, ka warware naɗin ka ga a kan wane falle yake, don sau da yawa wanda ka tura can ƙarshe shi ke riƙe da shafinka.

Na taɓa faɗa wa Mushe wannan tun yana da rai. Na ƙara da dogon bayani a kan hikimar Inna, yadda ta ba kowane ɗa soyayya cikakkiya ba rabi ba, ta shuka sulhu a gindin tukunya don ya tsiro bayan ranta. Ya saurare ni har na gama, hannu biyu bisa sanda.

"Wace hikima?" ya ce. "Uwarsu dai ba ta son wankin tukunya."